Yadda mai yankan itace da mai tsagar katako za su kare ido da kunne

Sarƙar injin yankan itace tana gudun wajen mita 20 a sakan ɗaya, bakin faifan zarto na tebur kuma ya ninka haka sau biyu ko uku. Duk abin da haƙoran suka ɗebo, ɓawo ne, ko tsakuwar da ta maƙale a gindin icce, ko guntun ƙusa a tsohon katako, da irin wannan gudun yake tashi, kafin ido ya ƙifta ya riga ya iso. Kunne kuwa ba a rana ɗaya yake tafiya ba. Sai a shekara da shekaru ana yi masa ɓarna, ba ciwo ba jini, har ranar da mutum zai lura iyalinsa na maimaita masa magana sau biyu sau uku. Wannan jagora ta mai riƙe inji a daji ce, da mai tsaga a 'yan katako, da kafinta, da mai faskare, har da yaron da ke tarar katako a bayan inji, wanda ya fi kowa shan gari kuma shi ake mantawa da shi in an zo rabon kayan kariya.

Fara da sanin abin da aikinka ke jefowa

Injin sarƙa yana watso manyan ɓarɓashi, amma abin da ya fi tsone ido a daji shi ne reshen da ya lanƙwashe a ƙarƙashin bishiyar da aka kayar: kana yanke shi sai ya dawo kamar bulala. In bagaruwa ce ko aduwa, da ƙaya zai dawo. A kan tebur, ƙullin katako kan fita daga gurbinsa, haƙorin faifai kan ɓalle in ya ci karo da ƙusa. Filena, wato injin da ke fere katako ya yi sumul, da injin goga suna ba da gari mai laushi wanda ke shawagi ya shiga ta gefen tabarau. Mai faskare yana ganin kamar ba ruwansa tunda ba inji a hannunsa, alhali busasshiyar kirya ko marke in gatari ya sauka a kansu tsartuwa suke yi, kuma in ana dukan ƙarfen tsaga da guduma, kan ƙarfen da ya baje ya yi leɓe yana fitar da ƙananan gutsattsari masu kaifi. Irin wannan gutsuren ne ke huda ido ya shige ciki, wani lokaci ba tare da zafi mai yawa ba. A goge leɓen da dutse tun kafin ya tsage.

Sai wurare biyu da ake yawan sakaci. Na farko wasa haƙora da dutsen inji, aikin minti biyar da kowa ke yi ido tsirara. Na biyu share wuri kafin a kayar da bishiya: nonon tumfafiya da na tinya in suka fantsama a ido suna ƙona fatar da ke saman baƙin ido, gani ya dushe na kwanaki.

Zaɓen tabarau

Tabarau na rana da na karatu ba kayan aiki ba ne. In abu ya buge su fashewa suke yi, su ƙara wa ido nasu gutsattsarin. Tabaran aiki ana yin sa ne da roba mai tauri da ake kira polikabonet, kuma yana ɗauke da shaida a jikin gilashin da kuma a ƙafarsa. Alamomi iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Ta Amurka ita ce Z87, kuma wadda kake nema ita ce mai alamar ƙari a gabanta, wato Z87+, domin ita ce aka gwada da abu mai gudu. Ta Turai ita ce EN 166, tare da harafi. Harafin F na nufin ya jure ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6 da aka harba a gudun mita 45 a sakan. B na nufin mita 120 a sakan, kuma ba a ba tabarau mai ƙafafu wannan harafin, sai mai igiya da ke manne wa fuska ko garkuwar fuska. In ka ga S kaɗai, ƙarfinsa bai kai na aikin inji ba. Harafin K na nufin ba ya saurin karcewa, N kuma ba ya saurin yin hazo. Wannan N ɗin ya cancanci ƙarin kuɗinsa, don tabaran da ke hazo a goshi yake ƙarewa.

Jabu sun yi yawa. Duba ko alamar an zuba ta ne a jikin robar ko an sassaƙa ta, ba takarda aka manna ba, kuma akwai sunan kamfani a kai. Shagon da ke sayar wa kamfanonin gini kayan kariya ya fi faifan mai talla a bakin titi.

Ga yadda ake haɗa kowane aiki da nasa. Faskare, zarto na hannu da aikin tebur: tabarau mai lanƙwasa da ya rufe gefen ido. Goga, filena da duk inda gari ke tashi, musamman a hunturu da iska ke juya shi: mai igiya, wanda ramukan iskarsa ke da murfi ba a buɗe kai tsaye ba. Lamba 4 a jikinsa na nufin an gwada shi da ƙura. Garin loko da na maɗaci suna sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da jan ido, to su ma mai igiya ne nasu. Wasa ƙarfe: tabarau, sannan garkuwar fuska ta roba a samansa. Injin sarƙa: hular kwano mai ragar fuska, da tabarau a ƙarƙashin ragar. Ragar tana ɗauke da alamar EN 1731, tana tare reshe da manyan ɓarɓashi, ba ta hazo, ba ta riƙe zafi, amma gari mai laushi na ratsa ta, kuma abu na iya shigowa ta ƙasan haɓa. Saboda haka ba ta wadatar ita kaɗai. A kuma sani cewa raga ba ta tsayar da sarƙa in inji ya yi tsalle ya dawo fuska. Maganin wannan shi ne riƙo da hannu biyu, birkin sarƙa mai aiki, da kauce wa yanka da saman hancin takobin injin, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa.

Mai sa tabaran likita ya nemi irin wanda ake ɗorawa a saman nasa. A cikin rumfa ko inuwar daji a sa farin gilashi. Mai duhu na filin rana ne kawai, a cikin shago yana ɓoye maka bakin faifai.

Gwada zamansa kafin ka biya. Sa shi, sunkuya, girgiza kai: kada ya zame. Sa yatsa tsakanin gira da saman gilashin, da kuma tsakanin kunci da ƙasansa. In yatsa ya shige a sake, abu ma zai shige. Duba ƙafafunsa su zama sirara kuma shimfiɗaɗɗu, dalilin zai zo a maganar kunne.

Kula da shi

Yawancin tabarau ba fashewa ke kashe su ba, gogewa da gefen riga ne. Garin katako da yashi a kan busasshen gilashi kamar sanfefa suke. Fara zuba masa ruwa ya wanke ƙurar, sa ɗigon sabulun ruwa, ɗauraye, sannan ka tsane shi da ƙyalle mai laushi. Kada fetur ko tinar tsinka fenti su taɓa shi, domin suna sa polikabonet ya dushe ya yi rauni, ko da ba ka ga tsaga ba. In hazo ya dame ka a damina, shafa ɗan sabulun ruwa kaɗan a cikin gilashin, bar shi ya bushe, ka goge a hankali, zai riƙe ka na wasu awanni. Ɗaura ƙyalle a goshi ya tare gumi. Tabaran da ya sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya, ko ya karce har kana ɗaga shi don ka ga layi, ya gama aikinsa.

Akwai wata dabara ƙarama da ke hana raunuka da yawa. In za ka cire tabarau bayan aiki, fara kaɗe gashin kai da gira da hula, sunkuyar da kai, rufe ido, sannan ka zare shi. Garin da ya taru a saman firam ɗin in ba haka ba kai tsaye cikin ido yake zubowa.

Lissafin ƙara

Ana auna ƙara da desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 take. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka tsayar ita ce 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 97 minti 30, a 100 minti 15, a 103 minti 7 da rabi, a 109 ko minti 2 bai cika ba. Injin sarƙa mai fetur yana kai 105 zuwa 115 a kunnen mai riƙe da shi. Zarto na tebur da filena in suna cin katako sukan kai 100 ko su wuce. Ke nan mai inji da ba ya toshe kunne ya cinye rabonsa na yini tun kafin ya gama reshen farko.

Ba sai da na'urar awo ba. Tsaya nesa da abokin aikinka kamar tsawon hannu: in sai ka ɗaga murya yake jin ka, ƙarar ta kai 85 ko ta haura. In sai ka yi ihu, ta yi nisa da haka.

Abin da ƙara ke lalatawa ba fatar dodon kunne ba ce, wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu gashi a can cikin kunne, a wani sashe mai kama da katantanwa. In suka gaji, sai ka tashi aiki kunne ya yi dum, ko ya riƙa wani siririn ƙugi, da safe ya washe. Wannan washewar ce ke yaudarar mutane. Kullum wasu daga cikinsu na mutuwa, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa, ba magani ba tiyata. Siraran sautuka ne ke fara tafiya, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman a taron biki ko cikin kasuwa, kuma muryar mata da ta yara ta fi ba shi wahala. Wanda ya ce maka kunnensa ya saba da inji, jinsa ne ya ragu.

Zaɓen abin toshe kunne

Iri biyu ne: soson da ake cusawa cikin kunne, da kofuna masu matashi da ke rufe kunnen gaba ɗaya. A kwalinsu akwai lamba, NRR ta Amurka ko SNR ta Turai, mai nuna desibel nawa suke ragewa a ɗakin gwaji. Alamar Turai ita ce EN 352. Soso mai kyau yakan kai NRR 29 zuwa 33, kofuna kuma 20 zuwa 31. A wurin aiki ba a samun lambar kwali, saboda yawancin mutane ba sa sa su daidai. Lissafin da ake yi don a kauce wa yaudarar kai shi ne: cire 7 daga NRR, raba saura biyu. Soso mai 33 ya zama 13. In injinka 110 ne, 97 ke isa kunne, wato rabin awa. Wannan ne dalilin da ya sa in ƙara ta wuce 100 ake haɗa biyun, soso a ciki kofuna a sama. Haɗawar ba ta tara lambobin biyu, kusan desibel 5 take ƙarawa a kan wadda ta fi girma, amma 5 ɗin nan ta ninka lokacinka fiye da sau uku. Kuma sosan da aka sa daidai yana ba da fiye da wancan 13 ɗin nesa ba kusa ba, shi ya sa sa shi ya zama abin koya.

Auduga, tsumma da takarda ba sa tare abin kirki. Abin jin waƙa na waya shi ma ba kariya ba ne, ƙara ma yake yi, don mai shi yana ƙure sauti ya danne injin.

Sa soso, mataki-mataki

1. Wanke hannu ka tsane. Yatsun da ke da baƙin mai da gari su ne ke kai ciwo cikin kunne. In daga alwala kake, tsane kunnen tukuna.

2. Murza sosan tsakanin yatsu, a hankali da farko sannan da ƙarfi, har ya zama siriri kamar tsinke, ba tare da ya ninke ba. Ninki hanya ce da ƙara za ta bi.

3. Zagayo da ɗaya hannun ta saman kai, kama saman kunnen, ja shi sama da baya. Ramin kunne a karkace yake, wannan jan ne ke miƙar da shi. Matakin da aka fi tsallakewa ke nan.

4. Cusa shi nan take kafin ya kumbura, ka dafe da yatsa sakan 20 zuwa 30 har ya cika ramin.

5. Gwada. Wanda ke kallonka ta gaba bai kamata ya hango sosan ya leƙo ba. Muryarka za ta yi maka kauri kamar kana cikin randa. Rufe kunnuwan da tafin hannu ka buɗe: in ƙarar ta canza sosai, bai zauna ba, cire ka sake.

Wajen cirewa a murɗa a hankali, kada a fizge. Soso na yini ɗaya ne ko biyu. In ya yi datti, ko ya taurare, ko ka murza ya buɗe nan da nan, a yar. Ba a wanke shi. Akwai na roba mai hawa uku da igiya wanda ake wankewa da sabulu, yana yin watanni, kuma ya fi dacewa da mai hannu cikin mai kullum tunda ba a murza shi. Wanda kunnensa ke ruwa ko ciwo kada ya cusa komai, ya sa kofuna ya je asibiti.

Kofuna kuwa duk amfaninsu a matashin yake. Dole ya manne da fata ko'ina a kewayen kunne. Bakin hula, hirami, rawani, fensirin da kafinta ke maƙalawa, ƙafar tabarau mai kauri, kowanne yana buɗe kafa, kuma kafa ƙarama tana zubar da desibel da yawa. Zafi da gumi suna taurara matashin. Danna shi da yatsa: in ya tsage ko bai dawo ba, a canza shi, ga mai aiki kullum kusan duk wata 6. Kada a buɗe bakan da ke haɗa kofunan ta saman kai don ya daina matsewa, matsewar ce aikinsa. Masu haɗe da hular kwano sai an danna su ciki har su yi ƙas, in ba haka ba rataye kawai suke a gefen kunne. Ita ma hular tana tsufa a rana. Ranar da aka ƙera ta tana ƙarƙashin bakinta, kuma kamfanoni kan ba ta shekara 3 zuwa 5.

A lokacin bazara kofuna suna da zafi, wannan gaskiya ce, kuma nan ne ake yin babbar asara. A ce wani yana aikin awa 8 da kariya mafi kyau a duniya, amma ya cire ta na minti 30 inji na aiki. Kariyar yininsa gaba ɗaya ba za ta wuce desibel 12 ba. In awa 1 ya cire, 9 ce. Don haka in zafi ya ishe ka, kashe inji ka sha iska, ko ka fita nesa, kada ka ɗaga kofi ɗaya don ka ji abin da ake cewa.

Tsarin yini

Jera su haka kafin ka ja igiyar inji: soso, tabarau, hula, kofuna, sannan ka sauke raga. Ba a cire ko ɗaya sai sarƙa ko faifai sun tsaya cak. Tunda kunne a toshe yake, ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun da safe, na tsaya, na kashe, na matsa, kuma a samu usur. Ba a taɓa mai riƙe da inji ta baya, a zagayo inda zai gan ka. Wajen kayar da bishiya kowa ya ja baya ninki biyu na tsawonta. Duk wanda ke cikin 'yan mitoci daga injin, mai tara ne ko mai kwasar gari ko mai katakon da ya tsaya yana kallo, kayan da ke jikin mai inji su ne nasa. Maigidan da ya sayi kwalin soso ya rataye a bakin rumfa, kuma ya sa nasa a gaban yara, ba ya buƙatar yawan faɗa.

A rage ƙarar tun daga tushe. Dakusasshen haƙori ya fi ƙara, ya fi daɗewa a yanka ɗaya, kuma gari yake fitarwa maimakon ɓarɓashi. Salansar da ta fashe ko aka cire don wai inji ya ƙara ƙarfi a mayar da ita. A ɗaure murafun da ke kaɗawa, a sa roba a ƙafafun tebur. Janareta ya koma bayan bango, domin a fili duk ninka nisa yana rage kusan desibel 6. A riƙa karɓa-karɓa a kan filena. Tsohon katako a bi shi da ido da mayen ƙarfe a cire ƙusoshi, gindin icce a kankare ƙasa da tsakuwa kafin a sa sarƙa. Kada a busa gari da iskar kwamfuresa ana tsaye kusa.

In abu ya shiga ido

Kada a murza. Murzawa ce ke mayar da ɗan gari ya zama karce. A kwantar da kai gefe, a zuba ruwa mai tsabta daga wajen hanci ya gangara waje, ana ƙifta ido. Ruwan leda da aka huda ya isa, ruwan gishirin asibiti ya fi. In nonon tumfafiya ne ko tinya, ko fetur, a ci gaba da zubawa minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti. A ajiye ledojin ruwa biyu ko uku a wuri ɗaya da kowa ya sani, don wannan kawai.

In abu ya kafe a ido, ko an ga jini a cikin baƙin, ko ɗan tsakiyar ido ya canza siffa, ko ana dukan ƙarfe da ƙarfe aka ji wani abu ya taɓa ido, to ba wanki, ba ciro, ba dannawa, ba man shafawa. A yanke gindin kofin roba ko na takarda a kifa a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne da filasta, mutumin kada ya ci komai saboda yiwuwar tiyata, a kai shi ranar. Ba a sa harshe, ko tsinken ashana, ko nonon mace, ko ruwan sukari, ko kwalli. Raunin icce yana da wani haɗari nasa daban: ɓawo da ƙaya suna ɗauke da ƙwayoyin naman gwari, sai bayan kwana biyu ko fiye a ga farin tabo a baƙin ido, da zafi da gudun haske. Maganin ɗigawa na kemis mai ɗauke da sitiroyid yana kwantar da jan, ciwon kuma yana ci a ƙarƙashi har ya bar hakiya ko ido ya fashe. Tartsatsin ƙarfe shi kuma cikin awanni yake fara tsatsa a kan ido. Duk idon da bai huce ba washegari, likitan ido ne zai gan shi. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, manyan asibitocin jihohi da na koyarwa kuma suna da sashen ido.

Shi ma kunne ana iya bin sawunsa. Da safe kafin aiki, kunna rediyo ka rage sauti zuwa inda da ƙyar kake gane magana, ka kashe ba tare da ka taɓa maɓallin sautin ba. Da yamma ka kunna a wuri ɗaya. In ba ka gane abin da ake cewa, kariyar yau ba ta isa ba: sake duba yadda kake sa soso da lafiyar matashin kofuna, ka kuma ba kunnen hutun awa 14 zuwa 16 ba inji ba lasifika. Mai aiki da inji kullum ya yi gwajin ji sau ɗaya a shekara, a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin da ke kusa, ya ajiye takardar don a gwada da ta baɗi. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko ƙugin ya ƙi tsayawa, ko jiri ya biyo baya, wannan ba na jiran ƙarshen mako ba ne, a je cikin kwana ɗaya ko biyu.